Kwamfuta Tana Ofis a Birni, Kai Kana Zakirai

(Taken shiri)

Masu sauraronmu na Zakirai da sauran garuruwa da ƙauyukan ƙaramar hukumar Gabasawa, da 'yan uwanmu na Gezawa da Ajingi da Minjibir, ga shirinmu na faɗakarwa. Maganar yau ta masu aiki da kwamfuta ce, amma ina roƙon wanda ba ya taɓa kwamfuta ma kada ya juya akalar rediyonsa, domin akwai wani sashe a gaba da ya shafi duk wanda ke da babbar waya da asusun banki.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, zuwa aiki ya zama abin da sai an zauna an yi masa lissafi. Jihohin Edo da Kwara har rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis suka yi a wancan lokaci, suka mai da su uku a mako. Kafin nan, kullen korona na 2020 ya riga ya nuna wa mutane cewa akwai ayyukan da ba dole sai an zauna a kan kujerar ofis ba. A nan yankinmu akwai matasa da ke riƙe wa 'yan kasuwa littattafan kuɗi a Dawanau da Singa da Kantin Kwari, amma iyalinsu da gonarsu suna Zakirai. Akwai kuma waɗanda aikinsu yake nan sakatariya ko asibiti ko makaranta, su kuwa a birni suke kwana. Dukkansu tambaya ɗaya suke yi: yaya zan taɓa abin da ke cikin kwamfutar ofis ba tare da na hau mota na bi hanyar Gezawa ba?

Akwai manhajojin da aka yi domin haka. Ana saka ɗaya a kwamfutar ofis, a saka 'yar uwarta a kwamfutarka ta gida ko wayarka. Idan sun haɗu ta intanet, sai hoton abin da ke fuskar kwamfutar ofis ya bayyana a gabanka. Ka danna harafi a Zakirai, harafin ya fito a Kano. Fayilolin ba su motsa daga inda suke ba, manhajar lissafin ma tana can, aikin duk kwamfutar ofis ce ke yin sa. Hoto ne kawai ke zuwa wajenka, umarninka kuma yana komawa can. A riƙe wannan da kyau, don daga gare shi ne duk sauran bayanin zai fito.

Kafin mu kai ga sunayen manhajoji, ka tambayi kanka ko ma kana buƙatarsu. Idan aikin naka bai wuce takardar Word ko jadawalin Excel ba, ajiye shi a Google Drive ko OneDrive ya fi sauƙi, ya fi arha a data, kuma za ka iya ci gaba da rubutu ko sabis ya ɗauke, in ya dawo a tura. Inda ake buƙatar shiga kwamfuta daga nesa shi ne inda manhajar aikin take zaune a kwamfuta guda, kamar QuickBooks ko Sage ko Tally da aka saka a ta shago, ko inda ba a yarda bayanan su fita daga ofis ba sam.

To, in ka tabbata kana buƙata, abu na farko izini ne. Wanda ya saka irin wannan manhaja a kwamfutar wurin aikinsa ba da sanin mai wurin ba, daidai yake da yaron shagon da ya kai mabuɗi wajen maƙeri aka yi masa kwafi, ko da niyyarsa ya riƙa zuwa shara da asuba ne. Ranar da wani abu ya ɓace, kyakkyawar niyyar ba za ta wanke shi ba. Kuma akwai doka. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta yi tanadin hukunci kan kutse a kwamfuta. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuwa ta ɗora wa duk wanda ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, har ta ce idan bayanai suka zurare ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar da ke kula da hakan cikin sa'o'i 72. Ku tuna abin da ke cikin waɗannan kwamfutoci: sunayen marasa lafiya da abin da ke damunsu, sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, albashin ma'aikata, jerin waɗanda ake bi bashi. Amana ce. Ma'aikacin gwamnati ya tuntuɓi shugabansa da jami'in da ke kula da kwamfutocin wurin, a ba shi izini a rubuce. In an ce a'a, magana ta ƙare. In wurin aikin yana da manhajar da ya zaɓa wa ma'aikatansa, ita za ka bi, ko da kana ganin wata ta fi ta.

Abu na biyu shi ne wanda tallace-tallacen waɗannan kamfanoni ba sa ambata, domin a ƙasashen da aka ƙera manhajojin ba matsala ba ce: wuta. Babu wata manhaja a duniya da za ta shigar da kai kwamfutar da ba ta samun wuta.

Mu ɗauki misali. Asabar ce da yamma, Malam ya dawo daga gona ya yi wanka, sai ga waya daga mai gidansa a birni: "Malam, ga mutumin nan na Ɗambatta a gabana, ya ce ya biya rabin kuɗin riɗin nan, duba mini nawa ya rage." Sai ya ce, "To, Alhaji, ba ni minti biyar." Ya ɗauko kwamfutarsa ya zauna a dakalin ƙofar gida inda sabis ya fi kamawa, ya kunna intanet ɗin waya ya jona, ya buɗe manhaja. Sunan kwamfutar shago yana nan, amma ya dusashe, alamar ba ta kan layi. Me ya faru? An ɗauke wuta a can da rana, kwamfutar ta mutu. An dawo da wutar bayan la'asar, fanka tana juyawa, firiji yana ƙara, amma kwamfutar tana jiran wanda zai danna mata maɓalli, ofis kuma a kulle yake. Data yana da ita, manhaja ba ta da laifi, amma dole Alhaji ya ce wa baƙonsa ya dawo Litinin.

Maganin wannan yana cikin saitin kwamfutar ne, a wurin da masu gyara ke kira BIOS. Yawancin kwamfutocin tebur suna da zaɓin da ke sa su kunna kansu da zarar wuta ta dawo. Ka sa mai gyara ya kunna maka shi, aikin 'yan mintuna ne. Sannan a hana kwamfutar yin barci idan an bar ta, domin mai barci ma ba ta amsa kira. Sannan a saita manhajar ta riƙa tashi da kanta tare da kwamfutar, kuma ta karɓe ka da kalmar sirri ba sai wani ya danna mata "na yarda" a can ba. Kada a manta da ɗan akwatin intanet na ofis. Shi ma wuta yake ci, kuma sau da yawa shi ne ke fara mutuwa. A ɗora su biyun a kan inbata ko sola in akwai hali. Ni a ganina, wurin da ba shi da sola ya fi dacewa ya mai da kwamfutar aikin ta zama ta tafi-da-gidanka, domin batirinta zai riƙe ta na wasu sa'o'i, ga ƙarancin cin wuta. Kuma kwamfutar da za ta kwana ta wuni a kunne a ɗakin da aka rufe, a zafin bazararmu na Maris da Afrilu ko ƙurar hunturu, tana buƙatar iska da kakkaɓewa. A ɗaga ta daga ƙasa, kada a lulluɓe ta da tsumma tana aiki.

Abu na uku sabis. Mutane kan ɗauka cewa saurin intanet ɗin gida shi ne komai. A'a. Tunda hoton daga ofis yake fitowa, ƙarfin da layin ofis ke da shi na tura abu waje shi ne ke fara yanke hukunci. A ɓangarenka kuma, layin da ba ya tsinkewa ya fi wanda ke gudu yana tsayawa. Za ka gane haka idan ka danna lamba sai ka jira kafin ta fito, ka ɗauka ba ta shiga ba ka sake dannawa, sai dubu goma ta zama dubu ɗari a littafin mutane. Saboda haka ka gwada layukan MTN da Airtel da Glo da sauransu a daidai wurin da za ka riƙa zama, kuma a daidai lokacin da za ka riƙa aiki, don sabis ɗin hantsi daban yake da na bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau waya. Riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban dabara ce mai kyau, balle da damina idan hadari ya taso.

Game da kuɗin data, kun san a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Albishir shi ne waɗannan manhajoji abin da ya canza a fuskar kwamfuta kawai suke turowa. Jadawalin lissafi da ke tsaye ba ya cin wani abin kirki. Abin da ke zuƙe data shi ne motsi: bidiyo, hotuna, yawan gungura shafi sama da ƙasa. Ka shiga saiti ka zaɓi sauri a kan kyawun hoto, ka sa a cire hoton bangon kwamfutar, ka kashe sauti, in ka gama ka katse nan take.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, yanzu kuma sai mu duba manhajojin da kansu.

Akwai Chrome Remote Desktop na kamfanin Google. Kyauta ne, ba ya buƙatar komai sai asusun Gmail da lambar sirri mai aƙalla lambobi shida da za ka zaɓa. Sauƙinsa shi ne ƙarfinsa: mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, shi ke nan. Rauninsa kuwa, ba ya iya tada kwamfutar da ta yi barci, kuma duk tsaronsa ya rataya ne a kan asusun Gmail ɗinka. In ka taɓa ba mai shagon waya kalmar sirrin asusun lokacin da ya saita maka waya, canza ta kafin ka fara.

Akwai TeamViewer da AnyDesk, dukkansu daga Jamus; na farko ya fito a 2005, na biyu a 2014. Su ne masu gyaran kwamfuta suka fi sani. AnyDesk ƙarami ne ƙwarai, 'yan megabait kaɗan, kuma yana da juriya a kan raunanan layi. Kowace kwamfuta tana samun lambarta mai lambobi tara ko goma, da ita ake kiranta. Amma ga abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: kyautar da suke bayarwa ta amfanin kai ce, kamar taimaka wa ɗan uwa ya gyara kwamfutarsa. Aikin ofis ko na shago, a ƙa'idarsu, na biya ne, kuɗin kuma da na waje ake lissafa shi. Idan na'urorinsu suka yi zargin kasuwanci kake yi da na kyauta, sai su riƙa katse ka bayan 'yan mintuna. Daga nan ne wasu ke zuwa a saka musu wanda aka fasa. Ina roƙonku don Allah kada ku yi. Manhajar da aikinta shi ne buɗe kwamfutarka ga na nesa, in wani da ba ka sani ba ya taɓa cikinta, ba ka da hanyar sanin ko wa ya buɗe wa. A sauke ta daga shafin kamfanin kawai, ko daga Play Store.

Akwai kuma na Microsoft, wanda ke zuwa a cikin Windows. Yana da kyau a kan layi mai rauni, kuma yana da wata falala: idan ka shiga daga gida, fuskar kwamfutar ofis kullewa take yi. A sauran kuwa, in ba a yi wani saiti na musamman ba, duk wanda ke tsaye a ofis yana kallon abin da kake yi, har jerin albashi. Matsalarsa biyu ce. Kwamfutar ofis sai ta kasance mai Windows Pro ko na sama da shi; mai Home ba ta karɓar baƙo. Sannan ofis ɗin da ke samun intanet ta layin waya, kamar yawancin namu, ba shi da adireshi nasa na kansa a intanet, yana tarayya ne da ɗimbin masu amfani da layin, don haka ba a iya kiransa kai tsaye daga waje. Sauran manhajojin ba su da wannan damuwa, don kowane ɓangare kiran cibiyar kamfanin yake yi, ita kuma ta haɗa su. Wanda zai yi amfani da na Microsoft sai ya bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya ta intanet, da masani ya saita. Kada a yarda wani ya buɗe ƙofa mai lamba 3389 ga duk duniya wai don a samu sauƙi. Ita ce ɗaya daga ƙofofin da masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa suka fi ƙwanƙwasawa, kuma a 2019 an gano wata babbar ɓaraka a cikinta a tsofaffin Windows, wadda aka sa wa suna BlueKeep. Akwai kuma wata manhaja mai suna RustDesk, shi kyauta ne, ma'aikata na iya kafa cibiyarsa da kanta, amma wannan sai wurin da ke da ƙwararre.

Idan kuka tambaye ni, ga abin da zan ce. Mai riƙe littafin shago guda, ya fara da na Google. Kamfanin da ke da ma'aikata da yawa, ya biya kuɗin lasisi, don a nan ne zai iya ganin wa ya shiga, yaushe, kuma ya iya cire mutum ɗaya ba tare da ya dagula sauran ba. Ma'aikatar gwamnati da asibiti, a bar wa jami'in kwamfutarsu.

Ko wanne ka ɗauka, kalmar sirri ita kaɗai ba ta isa ba. A watan Mayun 2021, kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai gabashin Amurka, ya tsaya cik na kwanaki, layuka suka cika gidajen mai, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta kalmar sirri guda ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, kuma ba shi da mataki na biyu. Mataki na biyun nan shi ne lambar da ke zuwa wayarka bayan ka saka kalmar sirri. Kunna shi. Kalmar sirrin kuma kada ta zama lambar wayarka, ko shekarar haihuwarka, ko sunan ɗanka. Sannan a riƙa sabunta manhajar, don su kansu kamfanonin ana kai musu hari: a watan Fabrairun 2024 AnyDesk ya sanar cewa an kutsa na'urorinsa, ya nemi jama'a su sauke sabon samfuri su canza kalmomin sirri, a watan Yunin wannan shekarar TeamViewer ma ya sanar da kutse a na'urorin ofishinsa. Masu Windows 10 kuma su sani cewa Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoba, 2025, a matsayin ƙarshen tallafin da ya saba ba ta.

Yanzu ga sashen da na ce kowa ya jira. 'Yan damfara sun gano amfanin waɗannan manhajoji tuntuni. Tun a 2019 babban bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar a kan haka. Ga yadda abin yake. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi: "Ina wuni, Hajiya? Daga banki ne. An samu matsala a asusunki, za a rufe shi yau, amma kada ki damu, zan gyara miki daga nan. Ba zan tambaye ki lambar katinki ba, kin san mu ba ma tambaya. Ki shiga Play Store kawai ki sauke wata 'yar manhaja." Ta sauke. "Madalla. Akwai lambobi a sama, karanto mini. Yanzu wani abu zai fito, ki danna kin yarda." Daga wannan dannawar, duk abin da ke fuskar wayarta yana gabansa. Sai ya ce ta buɗe manhajar bankinta ta duba ko ya gyaru. Tana saka lambar sirri yana kallo, saƙon lambar tabbatarwa yana shigowa yana karantawa. Ba ta faɗa masa komai da bakinta ba, shi ya sa hankalinta yake kwance har sai saƙon fitar kuɗi ya shigo.

Banki ba ya cewa ka sauke irin wannan manhaja. Kamfanin waya ba ya cewa, masu rabon tallafi ba sa cewa. Wanda ya kira ka ya nemi haka, kashe wayar. In har an riga an yi, kashe data nan take, goge manhajar, ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka a toshe asusun, ko ka garzaya reshe mafi kusa. Masu POS na bakin kasuwa da matasan da ke taimaka wa iyaye da waya, ku isar da wannan ga waɗanda ba su ji ba.

Ma'aikaci kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi gwajin farko kana zaune a ofis, da datar wayarka, kana kallon fuskokin biyu. Ka sa a kashe wutar kwamfutar a dawo da ita, ka ga ko za ta tashi da kanta ta karɓe ka. Sai ka sake gwadawa daga gida ranar da akwai mutum a ofis da zai iya kai ɗauki. Kwamfutar da za ka riƙa shiga da ita a gida kada ta zama ta wasan yara, kada kuma ka bar ta ta ajiye kalmar sirrin ofis. Aiki da waya zai yiwu don duba abu guda, amma shigar da lissafi mai yawa a ƙaramar fuska hanya ce ta kuskure. Ku kuma masu shaguna da shugabannin ofisoshi, ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko aka yi masa sauyin wuri, ko da lafiya lau aka rabu, a ranar za a canza kalmar sirri a cire sunansa daga jerin masu shiga, haka ma mai gyaran da aka ba dama ta wucin gadi.

Lokaci ya cim mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.

(Taken rufewa)